Kukan Hon a Layin 'Yan Shinkafa

A shekarar da Duwala take mutuwa ranar Litinin ta farfaɗo ranar Asabar, Kulsum ta koyi tafiya a raɓe da bango. Masu yajin sun ce kada a buɗe shago, kada tasi ta hau titi, kada kowa ya je ofis sai ƙarshen mako. Ville morte suke kiran abin, wato mataccen gari. Hukuma kuma ta ce a buɗe ko a gani. Wanda ya buɗe, samari su ƙona masa rumfa. Wanda ya rufe, yunwa ta same shi har ɗaki.

Mijinta Idirisu ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ta'aziyyar kawunsa bayan ƙaramar Sallah, hanya ta rikice, bai samu dawowa ba. Ya bar mata gida a unguwar Hausawa ta New Bell, da mahaifiyarsa mai ciwon ƙafa, da ƙannensa mata, da Jibirilla, ɗansu na fari, wanda bai gama iya rarrafe ba. Ya kuma bar mata makullin kwantenarsa da ke layin 'yan shinkafa, a kasuwar tsallaken babbar gota, wato magudanar ruwan unguwa.

Ranar Larabar nan ta karkaɗe buhun gida, abin da ya zubo ko tafin hannu bai cika ba. Asabar ɗin da ta wuce ba a ci kasuwa ba, harbi aka wuni ana yi.

"Inna, zan leƙa shago in ɗebo mana," ta ce wa surukarta. "Yanzu zan dawo."

"Bar min yaron."

"Kin san halinsa. In ya farka bai gan ni ba sai ya tara miki unguwa."

Ta goya shi, ta ɗaure da majanyi, ta yafa gyale, ta fita da hantsi.

Layin 'yan shinkafa kwantenoni ne irin na tashar jirgin ruwa, an jera su suna kallon juna, kowace an yi mata kanta a ciki. Mutum ɗaya ta tarar, Baba Wakili, dattijon layin. Ya buɗe tasa ɗan kaɗan, yana zaune a bakin ƙofa cikin shuɗiyar rigarsa yana jan carbi.

"A'a, sakatariya! Yau ofis ya dawo kasuwa?" Haka yake kiranta tun tana buga tafireta a wani ofis a unguwar Akwa, kafin ofishin ya rufe ya sallame su.

"Baba, ina kwana. Ai ofishinmu ya riga gari mutuwa."

"To ke kika fara yajin ke nan. Juyo min da Alhajin in gani. Kai, Jibirilla! Ubanka ya gudu ya bar ka da mata, kai ne maigida yanzu. Me ka ba su na cefane?"

Yaron ya washe baki, ya miƙa hannu zai kamo gemun tsohon.

"Yi sauri, 'yata," Wakili ya rage murya. "Ɗazu na ji usur ta wajen babban titi. Hankalina bai kwanta ba."

Ta buɗe kwaɗo, ta ja ƙofa kaɗan, ta zura hannu ta kwance zare, yadda Idirisu ya koya mata. Zaren na hon ne. Da sata ta yi yawa, wani mai gyaran wutar mota ya bi layin ya ɗora wa kowace kwantena hon ɗin babbar mota a kan rufi, ya sa batir a ciki, ya ɗaure zare a ƙofa. In ɓarawo ya ja ƙofa, zare ya fizge ɗan katakon da ya raba wayoyi biyu, sai hon ya kama kururuwa ba tsayawa har batir ya ƙare. A makon farko unguwa gaba ɗaya takan fito da sanduna. Daga baya aka gane ɓera ma yana jan zaren, iskar hadari ma tana ja.

Sannan ta maƙale kwaɗon a buɗe a jikin ƙarfen ƙofa, ta soke makulli a bakin zani. Wannan ƙa'idar layin ce tun da rikici ya fara. Kowa ya buɗe, kwaɗonsa yana rataye a buɗe. In aka ce ga masu tarzoma nan, wanda yake kusa shi zai tura ƙofar maƙwabcinsa ya danna masa kwaɗo, ko mai shagon yana masallaci ko ya zaga bayan gida. Shaguna da yawa sun tsira a kan haka.

Ta ɗebi shinkafa a leda, ta ɗauki gwangwanin tumatir da sabulu, ta fito bakin ƙofa.

"Baba, na gama. Sai Asabar in Allah ya kai mu."

"Allah ya tsare. Ki gaida Inna da ƙafa." Ya juya ya shiga tasa kwantenar.

A nan ne Jibirilla ya fara ƙananan kuka yana goga fuska a bayanta. Ta san kukan. In ba ta ba shi nono yanzu ba, a tsakiyar titi zai ɓarke mata, ga usur ana busawa. Layin maza ne, ba za ta zauna a bakin ƙofa ta buɗe ƙirji ba. Ta koma ciki, ta jawo ƙofar ta bar ɗan haske, ta wuce can ƙurya bayan buhuna, ta zauna a kan katan ta sauke shi.

Bai daɗe da kamawa ba aka yi harbin farko. Sai gudu, sai ihu, sai wani abu ya bugi ƙofar kwantenar Abdulkarim da ke bakin layi, hon ɗinsa ya tashi. Kulsum ta miƙe tana ƙoƙarin gyara riga da hannu ɗaya. Cikin ƙarar ta tsinkayi muryar Wakili daf da ƙofa:

"Kai, yaran zamani! Ta tafi ta bar ƙofa a buɗe!"

"Baba! Ina ciki! Baba!"

Hasken ya ɗauke. Ta ji sandar ƙarfen ƙofar ta juya ta shige mazauninta. Ƙarar kwaɗon ba ta ji ba, amma ta san an danna shi.

Ta yi karo da buhu, ta yi karo da kanta, ta isa ƙofar ta dinga dukanta da tafin hannu tana kiran sunansa. Babu kowa. Hon ɗin Abdulkarim ya cika layin, ko ita da ƙyar take jin muryar kanta. Makulli yana nan a bakin zaninta, kwaɗo yana waje.

Ta tsaya ta ja numfashi. Ta ce wa ranta, ihu ba zai buɗe ƙarfe ba, sai a yi tunani. Wakili zai dawo in ƙura ta lafa. Amma ƙurar kwanakin nan takan kai magariba ba ta lafa ba, wani lokaci har washegari. Kuma ita ta san abin da rana take yi wa kwantena. Idirisu kansa ba ya zama a ciki in rana ta take, a inuwar waje yake shimfiɗa tabarma, ga ƙofa a wangale ma ke nan. 'Yan kafofin iskar da ke sama kuwa, da hannunsa ya toshe su da gwangwani saboda ɓeraye.

Ta fara da abin da za ta iya. Ta tuɓe wa Jibirilla riga, ta shimfiɗa gyale a gindin ƙofa ta kwantar da shi. Ta lalubo wuƙar farke buhu, ta yi ta yankar robar da ke ƙasan ƙofar har wani siririn haske ya shigo, tare da 'yar iska mai warin tayar da ake ƙonawa. Ta lalubi kantoci ɗaya bayan ɗaya tana neman abin sha. Man gyaɗa, manja, omo, gishiri, kifin gwangwani. A bayan sikeli ta ci karo da butar alwalar Idirisu. Ta girgiza ta. Ruwan da ya rage bai kai kofi ba, ya yi ɗumi, yana warin roba. Ta rungume butar kamar wani zai ƙwace.

Ta ɗauki dutsen sikeli ta dinga maka wa bango har kafaɗarta ta sage. Ƙarar ta cika mata kai, ta firgita yaron, amma ta san ba ta fita daga layin ba.

A bangon baya, kusa da inda batir yake, tsatsa ta ci wani ɗan rami da bai fi shigar yatsa ba. Ta durƙusa ta kafa ido. Ga gota, ga filin juji, can gaba ga barandar masallacin unguwa. Mutane sun taru a wurin, waɗanda suka gudo daga kasuwa da waɗanda suka fito jin labari. Ta gane shuɗiyar rigar Wakili. Yana zaune yana fifita da hula, yana ba wani labari da hannu. A gefe wata mata tana tarar ruwa a famfo.

Ai ita ma tana da hon. Ta lalubi ɗan katakon ta fizge.

Rufin kwantenar ya ɗauki rawa. Ƙarar ta sauko ta cikin ƙarfe ta shiga haƙoranta. Jibirilla ya ƙwalla ƙara yana harba ƙafa. Ba ta je wurinsa ba, ta mayar da ido ramin. Kawuna biyu ko uku suka waigo. Wani ya nuna da leɓe. Wakili ya juyo ya dubi kasuwar, ya ce wani abu, na kusa da shi ya yi dariya. Daga nan kowa ya koma abin da yake yi.

Ta bar shi yana yi. Ta ce wataƙila in ya daɗe za su gaji su zo su kashe. Ta koma ta ɗauki yaron ta toshe masa kunne ɗaya da ƙirjinta, ɗayan da tafin hannu, tana jijjiga shi tana cewa, "Yi haƙuri, Babana, yi haƙuri, yanzu za su zo." Da ta sake leƙawa sai ta ga an miƙe ana alwala. Ladan ya hau ɗan tudunsa ya sa hannu a kunne. Suka yi sahu, suka yi sallar azahar cikin natsuwa, hon biyu suna kururuwa a bayansu. Matar famfo ta ɗauki bokitinta, wata ta ajiye nata.

Kulsum ta cire wayar daga kan batir. Hon ɗin bai amfane ta da komai ba sai cinye wuta da wahalar da yaro.

Zafin ya riga ya sauko. Bango ba ya taɓuwa. Zufa tana bin gwiwar hannunta tana ɗiga, iskar ciki ta yi nauyi da warin manja da sabulu. Ta jiƙa bakin majanyi ta goge wa yaron wuya da hammata, ta matsa masa ɗigo a baki. Ta yage katan tana yi masa fifita. Ta ba shi nono, ya kama, ya saki, ya sake kamawa, ya saki ya kawar da kai. Kukansa ya koma ƙasa-ƙasa kamar na ɗan kyanwa. Ta taɓa fuskarsa, babu hawaye. Ita ma maƙogwaronta ya bushe, harshenta ya manne, amma ba ta kai butar bakinta ba.

Ta yi addu'ar da ta sani, ta ƙare, ta sake farowa. Ta tuna Inna ta ce a bar mata yaron. Ta kori tunanin, ya dawo.

Can ta lura ta daina jin kukan. Ta kai shi daidai siririn hasken. Idonsa a buɗe rabi, leɓensa ya bushe ya yi fari. Ta shafa maɗigarsa, ta ji ta faɗa ciki. Ta ɗaga hannunsa ta saki, ya zube.

"Jibirilla. Babana. Kalle ni."

Ƙirjinsa yana motsi da sauri-sauri, sama-sama. Ta juye masa sauran ruwan a ka da ƙirji, ta sa yatsa ta lakato ɗigon ƙarshe ta shafa masa a harshe. Sannan ta rarrafa wurin ramin, ba don tana sa rai ba, sai don babu wani wurin da za ta je.

Tana durƙushe a nan hon ɗin Abdulkarim ya fara dusashewa. Ya yi gurnani, ya shaƙe, ya mutu.

Kulsum ta ga abin da idonta. Duk kawunan da ke barandar suka ɗago lokaci guda. Mai ba da labari ya tsaya da hannu a sama. Matar famfo ta juyo, ruwa ya cika bokitinta yana zuba ba ta sani ba. Har akuyar da ke kan juji ta daina tauna. Tun hantsi abin nan yake tsaga gari babu wanda ya kula shi. Yanzu da ya yi shiru kowa ya ji.

Ta zauna a kan dugaduganta. Ashe kunne yakan ajiye ƙarar da ba ta yankewa a gefe, kamar injin niƙan bayan gidansu, wanda ba ta sanin yana aiki sai ya tsaya. Farkon ƙara ake ji, da ƙarshenta. Tsakiyar ba ta kowa ba ce. To in haka ne, sai ta yi ta ba su farko da ƙarshe.

Ta haɗe wayoyin nan biyu ta murɗe su, ta kama wadda ta cire, ta kafa ido a rami, ta taɓa kan batir. Wuta ta yi tartsatsi. Paam! Ta ɗauke. Ta taɓa. Paam! Ta ɗauke.

Suka waigo, wannan karon dukansu. Ta ci gaba a jere, bugu, shiru, bugu, shiru. Wani ya miƙe tsaye. Sai ta ga Wakili ya ɗaga tafin hannu yana karkaɗa shi ƙasa-ƙasa, irin yadda ake kwatanta abin da ke mutuwa. Ta gane bayanin da yake yi musu: batir ne yake shure-shure. Wanda ya miƙe ya fara neman wurin zama.

"A'a! Wallahi ba batir ba ne!" ta faɗa da muryar da ba ta fita.

Ta ɓata jerin. Ta buga uku a gaggauce kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gida. Ta tsaya. Ta ja ɗaya dogo ta katse shi a tsakiya. Sannan ta yi shiru, ta daure, ta bar shirun ya yi tsawo har ta ga sun fara duban juna. Sai ta buga biyu. Ta sake uku. Babu ɓeran da zai yi haka, babu batir ɗin da zai yi haka.

Wakili ya miƙe. Ya sa hannu a bayan kunne. Ta buga masa uku. Ya dafe kai, ya ce wani abu da ƙarfi, mutane suka zabura. Ya tattare riga ya kama gudu, gudun tsofaffi. Amma ba wajen kasuwa ya nufa ba, cikin unguwa ya shige, wasu suka bi shi.

Ta gane. Sun ji hannun mutum a kan wayar, sai dai a wurinsu hannun da ke cikin kwantenar da aka kulle na ɓarawo ne. Gayya ya tafi tarawa. Sai an bi gida-gida, sai an nemo sanduna, sai an yi shawarar ta inda za a tsallaka, don gadar gotar tana bakin babban titi inda motar jandarmomi, jami'an tsaron hukuma, take kai-komo. Ta juya ta dubi inda yaron yake kwance. Ba shi da wannan lokacin.

Ba ta daina ba. Wayar ta yi zafi, ta ƙona mata yatsu, ta naɗe ta da bakin zani. Uku, shiru. Ɗaya. Shiru mai tsawo. Biyu. Muryar hon ɗin ta fara kauri tana ja da baya. Tsakanin bugu da bugu takan kasa kunne ta ji ko yaron yana numfashi, ba ta jin komai sai jinin da ke bugawa a kanta.

A cikin wani shirun ne ta ji takun ƙafa. Ta gaba, ta wajen ƙofa. Mutane da dama, suna magana ƙasa-ƙasa da Faransanci da Turancin kasuwa. Ba 'yan layin ba ne. Ta san ko su wane ne, masu bin bayan tarzoma da daro da buhu, su kwashi abin da aka fasa.

"Wannan ce," in ji wata murya ta namiji. "Wannan ce take magana."

Ta yar da wayar ta faɗa kan ƙofar. "Ouvrez! Ku buɗe! Akwai jariri a ciki!"

Wani ya yi dariyar tsoro.

"C'est qui? Wane ne a nan?"

"Matar mai shagon ce. An kulle ni bisa kuskure. Ɗana zai mutu, don Allah ku fasa!" Faransancin ofis ɗinta ne ya fito, tsaf-tsaf, har ita kanta ta ji bai yi kama da na mai neman ceto ba.

"Ji Faransanci kamar a rediyo," in ji wani. "Tarko ne, mon frère, ɗan'uwa. Maigadi ne da adda a bayanta."

"Hajja," mai muryar farko ya matso, "in da jariri, ina kukansa? Ni ban ji kukan yaro ba."

"Ya daina. Shi ya sa."

Ta ji ya taɓa kwaɗon, ya saki, ya bugi ƙarfe. "Wannan kwaɗon ya fi kaina girma. Kafin in karya shi jandarma sun zagayo. Mu je, za mu gaya wa mutanenku."

Takun ya fara nisa. Kulsum ta dubi buhunan da ke jere har rufi, duk abin da Idirisu ya tara tun yana dako a tasha, da abin da gidan zai ci har Allah ya kawo ƙarshen wannan masifa. Ba ta daɗe tana kallo ba.

"Akwai shinkafa! Il y a le riz! Cike take har sama!"

Ta jawo ledar da ta ɗiba wa gida ta farke, ta dinga tura shinkafar da tafin hannu ta ƙasan ƙofa, ta inda ta yanke roba. Ta ji ƙwayoyin suna zuba a kan siminti a waje. Ta tura, ta ƙara turawa.

"Ku kwashe duka! Da mai, da sabulu! Ni matarsa ce, na ba ku! Ku buɗe kawai!"

Takun ya tsaya. Ta lalubo 'yar rigar da ta tuɓe wa yaron, ta cusa ta a kafar da bakin wuƙa. Wani ya ja ta daga waje. Sai muryar mace, babba, mai kauri:

"Ee, Allah! Rigar pikin ce, ta jariri, a jiƙe take. Kai, ƙaton banza, rodin nan na ado ne ka riƙe? Casse! Fasa!"

"Mami, jandarma fa?"

"Jandarman su zo su same ni. Fasa na ce!"

Bugun farko ya sa kwantenar ta amsa kamar ganga. Kulsum ta ɗauke yaron daga gindin ƙofa ta duƙa a kansa. Aka buga, aka sake, aka yi ashar, aka canja hannu. Wani ya ce a bar kwaɗon a murɗe ƙarfen da ya riƙe shi. Ƙarfe ya yi ƙara mai tsawo, wani abu ya fashe ya faɗi. Sandar ta juya.

Hasken ya bugi idonta har ta kasa gani. Ta fita da rarrafe, hannu ɗaya riƙe da yaron, ba gyale, ba takalmi. Iskar Duwala mai ɗumi da hayaƙin taya ta shiga ƙirjinta kamar ruwan randa. Mutane suka ratsa ta gefenta suka afka ciki.

Matar mai kaurin murya ba ta shiga ba. Ta ajiye daronta, ta durƙusa, ta karɓi yaron ta duba idonsa, ta ciro gorar ruwa daga ƙugunta ta kwarara masa a ƙirji da wuya.

"Kada ki ɗura masa, ma fille, 'yata, zai shaƙe. Da yatsa. Kaɗan-kaɗan."

Kulsum ta tsoma yatsunta da suka ƙone a bakin gorar ta ɗiga masa a leɓe. Ruwan ya gangara ta gefen baki. Ta sake.

A haka gayyar ta iso, maza da sanduna da taɓare, Wakili a gaba yana haki. Suka ga ƙofa a karye, buhuna suna fita a kan kawuna. Wani ya yi kabbara, mai rodi ya juyo ya gyara tsayuwa.

Sai Wakili ya gan ta a ƙasa. Sandar ta faɗi daga hannunsa.

"Innalillahi! Kulsum? Ke ce a ciki? Ai kin yi min sallama! Wallahi na ji hon ɗin farkon, na ce ɓera ne, na ce musu ɓeran Idirisu ne..." Ya juya ga mutanensa. "Ku tare su! Dukiyar yaron nan ce, amana ce, ku tare su!"

"Baba, ƙyale su," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni na kira su."

"'Yata, me za ki ce wa Idirisu?"

"Ka sa a nemo min ruwa mai yawa, da sukari da gishiri. Ka tura a buga wa nas ɗin bayan masallaci ƙofa, a ce ga ni nan tafe. Yanzu, Baba."

Tsohon ya tsaya yana duban buhunan da ke wucewa, ya dubi yaron. Ya ce wa biyu daga cikin mazan su ruga. Shi kuma ya matso ya buɗe hannayen rigarsa ya tare musu rana, yana ta salati. Sauran suka sauke sanduna suka ja gefe, aka ci gaba da fita da kaya ta tsakaninsu.

Ta sake ɗiga masa. Ta kafa ido a ɗan wuyansa, ba ta ko ƙiftawa. Matar ta riƙe masa kai tana yi masa magana a hankali da wani yare da Kulsum ba ta ji.

Maƙogwaronsa ya motsa. Ya haɗiye. Harshensa ya fito yana neman yatsan.

"Ƙaro," in ji Kulsum, ta miƙa hannu wajen gorar.